Barcin Gaiwa A Cikin Kwamfuta: Amsa Ga Mai Tambaya Daga Madadi

Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga garin Madadi a ƙaramar hukumar Gwarzo ta jihar Kano, daga wani mai sauraronmu da ke da shagon buga takardu da cajin waya. Ya ce ranar nan ya wuni yana buga sunayen manoman garinsu masu neman rancen takin zamani, saura kaɗan ya gama sai man janareto ya ƙare, kwamfuta ta mutu, aikin ya bi ruwa. Ga shi washegari ne za a rufe karɓar takardu, dole ya kwana yana sakewa. Daga baya wani abokinsa na Kabo ya ce masa akwai wani barci da ake sa kwamfuta, ta farka ta ci gaba daga inda ta tsaya. Shi ne yake son tarihin abin da yadda ake saita shi.

To Malam, abokinka ya faɗi gaskiya. Kwamfuta tana da ma'ajiya iri biyu. Ta farko kamar tabarmar shanya take, a kanta ake baza aikin da ake cikin yi, kuma da an ɗauke wuta komai na kanta ya watse. Ta biyu ita ce faifan ajiya, wanda yake kamar rumbu, abin da aka zuba a ciki yana nan ko da wuta ko babu. Wannan barci kuwa shi ne na'ura ta kwashe duk abin da ke kan tabarma ta zuba a rumbu, sannan ta kashe kanta ɗungurungum. In an kunna ta sai ta mayar da komai mazauninsa.

Turawa sun aro sunan abin ne daga dogon barcin da dabbobi irin su bushiya ke yi da hunturu a ƙasashensu. Mu a nan gaiwa muka sani, wadda kan shige cikin laka idan fadama ta ƙafe, ta kwanta har ruwan damina ya tashe ta. Shi ya sa muka raɗa masa barcin gaiwa.

Asalin dabarar daga kwamfutar tafi-da-gidanka ne, domin ita ce ke fama da ƙarewar batir. A cikin shekarar 1992 kamfanin Compaq da ke birnin Houston na ƙasar Amurka ya fito da ita a cikin wata kwamfutarsa mai suna LTE Lite. A wancan zamani kowane kamfani da irin tasa hanyar, har ma a zamanin Windows 95 sai maƙerin na'ura ya haɗo maka da tasa manhajar kafin abin ya yi aiki. A watan Disambar 1996 ne kamfanonin Intel da Microsoft da Toshiba suka fito da ƙa'ida guda mai suna ACPI, wadda ta tsara matakan barcin na'ura. Mataki na 3 shi ne gyangyaɗi, watau na'ura ta yi shiru amma tana ɗan jan wuta don riƙe abin da ke kan tabarma. Mataki na 4 shi ne barcin gaiwa, na 5 kuma kashewa baki ɗaya.

Daga Windows 2000 ne abin ya zama na cikin gida, ba a bukatar manhajar kowane kamfani. Sai kuma Windows Vista da ta shiga kasuwa a watan Janairun 2007, wadda ta kawo wani salo domin masu kwamfutar tebur irinka: na'ura ta yi gyangyaɗi, amma kafin nan ta ajiye kwafin aikin a rumbu, ta yadda ko an ɗauke wuta tana cikin gyangyaɗin ba a yi asara ba. A shekarar 2012 kuma Windows 8 ta yi amfani da wani sashe na dabarar don na'ura ta riƙa tashi da sauri.

Yanzu ga yadda za ka saita shi idan Windows 10 ko 11 gare ka, domin galibi a ɓoye yake zuwa. Shiga Control Panel, ka zaɓi Power Options. A gefen hagu akwai wurin zaɓen aikin da maɓallin kunnawa zai yi, sai ka shiga nan. Ka latsa rubutun da ke sama mai buɗe saitin da aka kulle, ka gangara ƙasa ka sa alama a akwatin da aka rubuta Hibernate, ka adana. Daga nan zai riƙa fitowa tare da zaɓin kashewa. A wannan shafin dai kana iya sa maɓallin jikin na'urar ya zama na barcin, latsawa ɗaya ta wadatar. Sai dai ka tabbata faifanka bai cika ba, don abin yana cin wuri.

Amma fa Malam, a nan take, wai an danne bodari ta ka. Gaiwa tun ruwa bai gama ƙafewa ba take shiga laka. Haka ita ma kwamfuta, tana bukatar 'yan daƙiƙoƙi da wuta a jikinta kafin ta gama kwashe shanya. In wuta ta yanke farat ɗaya kana tsakiyar aiki, kamar yadda ta faru gare ka, barcin gaiwa ba zai cece ka ba, tunda kwamfutar tebur ba ta da batir.

Saboda haka ga shawara uku. Ka riƙa duba tankin janareto, in mai ya yi ƙasa ka sa ta barci, ka kashe inji, sannan ka zuba mai. Wannan ma ya fi aminci ga ranka da shagonka. Na biyu, in da hali ka sayi ɗan akwatin batir ɗin nan da ake kira UPS, wanda kan riƙe na'ura na 'yan mintoci bayan ɗaukewar wuta. Na uku, kuma shi ne uwa uba, ka riƙa adana aikinka duk bayan 'yan layuka, kada ka jira sai ka gama. Wanda ya ga hadari ya haɗo ba ya barin hatsi a shanya.

Da fatan mai tambaya ya gamsu, Allah kuma ya sa manoman Madadi su sami takinsu a kan kari. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.