Ran Tsofo Gubba Tsakanin Dokoki Biyu

Duk wanda ya taɓa zama a bencin kotu a Zuru ko Birnin Kebbi ya ji lauya yana cewa, "Ya mai shari'a, tunzura shi aka yi," to ya ji ƙarshen wani labari ne da ya faro kusan shekara tamanin da suka wuce, a ƙasar Gwandu.

Sunan mutumin Tsofo Gubba. Ya kashe kwarton matarsa, aka gurfanar da shi a kotun Sarkin Gwandu, wadda ke shari'a da fiƙihun Malikiyya. A mazhabar Imam Malik kisa iri biyu ne: na ganganci da na kuskure. Wanda ya kai wa mutum sara ko duka da nufin cuta har ya mutu, ganganci ya yi, kuma zafin zuciya ba ya sauya sunan laifin. Sai aka yanke masa hukuncin kisa.

Ƙara ta ɗaukaka har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma, wadda ta yanke hukunci a 1947. Alƙalanta suka buɗe kundin laifuffuka na Turawa, wanda ya ce mutumin da aka harzuƙa nan take, ya yi kisa kafin zuciyarsa ta huce, ba a rataye shi, ɗauri ne hukuncinsa. Suka ce tunda laifin yana cikin wannan kundi, da shi ya kamata kotun Sarki ta yi aiki, suka soke hukuncin kisan.

Kuskure ne a ɗauka cewa doka ɗaya ce mai rahama, ɗayar kuma ba ta da ita. Kowace tana da ƙofar tsira, amma ba a bango ɗaya suke ba. Dokar Turawa tana leƙa zuciyar wanda ya yi kisan: yana cikin hayyacinsa ko ya fita? Malikiyya kuwa tana duban gidan mamaci. Ƙisasi haƙƙin waliyyan jini ne. In sun so su nema, in sun so su yafe ko su sasanta a kan diyya. Idan suka yafe, hukuma ta yi wa mai laifin bulala 100 da ɗaurin shekara ɗaya. Ke nan a wani shari'ar, mutumin da Turawa za su rataye yana iya komawa gida bayan shekara, wanda kuma za su ɗaure kawai yana iya rasa ransa. Makomar mutum ta dogara ga ƙofar kotun da aka shigar da shi.

Hukuncin 1947 ya tayar da hankalin sarakuna da alƙalan Arewa, domin a ganinsu an zare wa shari'ar Musulunci laka ne a kotunan En'e. A 1948 gwamnati ta gyara doka don mayar musu da ikonsu, amma ba a rabu da Bukar ba. A 1957, a shari'ar Maizabo da En'en Sakkwato, Kotun Ƙoli ta Tarayya ta ce kotun En'e tana iya shari'a da dokarta, sai dai horon kada ya wuce abin da kundin Turawa ya tanada ga irin wannan aiki.

Wannan ruɗani ya fi damun wurare irin Zuru, wadda a lokacin take cikin Lardin Neja, inda Dakarkari da maƙwabtansu suke zaune tare, Musulmi da Kirista da masu bin addinin gargajiya. Da 'yancin kai ya matso, tambayar ta zama: wace doka ce za ta hukunta kowa daidai?

A 1958 gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta kafa kwamitin masana shari'a ƙarƙashin Sayyid Muhammad Abu Rannat, Alƙalin Alƙalan Sudan. A cikinsa akwai Mai Shari'a Muhammad Sharif daga Pakistan, da Farfesa Anderson daga Landan, da Shettima Kashim Wazirin Borno. Shawararsu ce ta haifi kundin Final Kod, wanda aka gina a kan na Sudan, shi kuma ya samo tushe daga na Indiya na 1860. Ya fara aiki ranar 30 ga Satumba, 1960, ana jajibirin 'yancin kai.

A kundin, sashe na 221 ya tanadi kisa ga wanda ya kashe da gangan. Sashe na 222 ya buɗe ƙofar da ta ceci Tsofo Gubba, amma ƙunƙuntar ƙofa ce: dole tsokanar ta zama mai tsanani, ta zo kwatsam, ta raba mutum da hayyacinsa. Wanda ya kwana da fushi, ya wasa wuƙa, ya je neman abokin gaba, ya rufe ta da hannunsa. Ko an karɓi uzurin ma, ba sallama ba ce. Ɗaurin yana iya kaiwa rai da rai. Kare kai ne, idan bai wuce iyaka ba, yake wanke mutum gaba ɗaya.

Daga shekarar 2000, da jihohin Arewa, har da Kebbi, suka dawo da hukuncin laifuffuka na Musulunci ga Musulmi, ƙisasi da diyya sun koma cikin littafin doka, gefe da gefe da Final Kod. Don haka tambayar da aka yi a kan Tsofo Gubba tana nan da ranta. Idan an tuhumi ɗan'uwanka da kisa, abu biyu ya kamata dangi su fara tambayar lauya: a wace kotu za a yi shari'ar, kuma da wace doka?