Rawar da Ta Ɓace, Alƙaluma Suka Dawo da Ita

A daren 29 ga Mayu, 1913, ƙungiyar Ballets Russes ta Sergei Diaghilev ta fito da sabon wasa mai suna Le Sacre du printemps a gidan wasa na Champs-Élysées da ke Paris. Igor Stravinsky ne ya tsara kiɗan, Vaslav Nijinsky ya tsara rawar, Pierre Monteux kuma ya jagoranci makaɗa. Labarin wata al'umma ce ta Rasha a zamanin dā, wadda ke zaɓar budurwa ta yi ta rawa har ranta ya fita, don ƙasa ta yi albarka.

Mutanen Paris sun saba da rawar bale ta tsayuwa a kan 'yan yatsu da shawagi cikin sanyin jiki. Nijinsky ya zo musu da akasin haka: ƙafafu a karkace ciki, kafaɗu a sunkuye, 'yan rawa suna dira ƙasa da nauyinsu. Nan take zauren ya kaure da ihu, har 'yan rawar suka daina jin kiɗa. Sai da Nijinsky ya hau kujera a gefen dandamali yana ƙirga musu taku da ƙarfi.

Bayan haka sai jaridu suka ɗauka. Henri Quittard na Le Figaro ya ɗauki wasan a matsayin dabbanci na yarinta, kuma da yawa sun bi sahunsa. Amma a watan Nuwamba na shekarar, wani matashi mai suna Jacques Rivière ya rubuta doguwar maƙala a mujallar La Nouvelle Revue Française. Bai tsaya kan ko ya ji daɗi ko bai ji ba. Ya bi jikin ɗan rawa gaɓa-gaɓa, ya nuna cewa da gangan Nijinsky ya yar da kwalliyar da aka saba, don kowane motsi ya fito tsirararsa. A ganina, nan ne sharhin rawa ya nuna amfaninsa na gaskiya, domin Rivière ya duba abin da ke gabansa kafin ya yanke hukunci.

'Yan lokuta kaɗan aka yi wasan a Paris da Landan. A watan Satumba na 1913 Nijinsky ya yi aure a Buenos Aires, Diaghilev ya fusata ya sallame shi. Da aka dawo da wasan a 1920, Léonide Massine ne ya tsara wata rawar dabam. Kiɗan Stravinsky yana rubuce a takarda, ya ci gaba da yawo a duniya. Ita kuwa rawar ba wanda ya ɗauke ta a fim, sai ta shuɗe.

Shekaru da dama bayan rasuwar Nijinsky a 1950, wata mai bincike mai suna Millicent Hodson ta shiga tattara abin da ya saura na rawar, tare da Kenneth Archer wanda ya bi sawun sutura da zanen dandamali na Nicholas Roerich. Suka nemo bayanan da Marie Rambert, mataimakiyar Nijinsky, ta rubuta a jikin takardar kiɗa, da zane-zanen da Valentine Gross ta yi tana zaune cikin 'yan kallo, da sharhin jaridun 1913. Abin dariya, har na masu zagin ya yi rana, don mai kushe tafiyar ɗan rawa dole ya faɗi yadda tafiyar take.

A 1987 ƙungiyar Joffrey Ballet ta Amurka ta fito da rawar da Hodson ta sake haɗawa a Los Angeles. Har yau wasu masana suna cewa hannun Hodson ya fi na Nijinsky yawa a cikinta, kuma ƙorafinsu yana da tushe, tunda inda shaida ta yanke dole ta cike da hasashe. Duk da haka, manyan ƙungiyoyi, ciki har da ta Mariinsky a Rasha, sun karɓe ta suna yi.