Wusasa: Tarihin Likitocin Farko da Gine-ginen da Ke Buƙatar Kulawa

Wusasa ƙaramin gari ne a gefen Zariya, cikin Jihar Kaduna, wanda ya yi suna a tarihin aikin likita a Arewacin Najeriya. Tushen labarinsa shi ne Dakta Walter Miller, likita ɗan mishan daga Ingila, wanda ya zauna a birnin Zariya tun 1905 yana jinyar marasa lafiya yana kuma koyarwa. A 1929 aka mayar da mishan ɗin Wusasa, inda aka kafa makaranta da asibitin St. Luke, aka kuma gina majami'ar St. Bartholomew da tubalin ƙasa bisa salon maginan Hausa.

A wannan al'umma aka raini Dakta Barau Dikko, ɗan Arewa na farko da ya zama likitan zamani, wanda asibitin koyarwa na Kaduna ke ɗauke da sunansa. A nan ma Janar Yakubu Gowon ya taso.

Adana irin waɗannan gine-gine ba ƙaramin aiki ba ne. Ginin ƙasa yana buƙatar sabunta yaɓe da gyaran indararo kafin kowace damina, in ba haka ba ruwa ya ci bango, azara ta saki. A hukumance, kare wuraren tarihi aikin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ne, wadda aka kafa a 1979, mai hedikwata a Abuja. Sai dai hukuma kaɗai ba ta isa ba, domin gyaran yana hannun maginan gargajiya, kuma ilimin nasu gado ne da ke raguwa tun da siminti ya yaɗu.