Tarihin Ƙyauren Zuciya

Mai karatu, ka san rariyar gida. In aka tura ƙyaure ya jingina da bango har ya rufe bakinta, ruwa ba ya samun hanya. Riƙe wannan, za mu komo gare shi.

Zuciyar mutum tana da ƙyamare huɗu. Su buɗe jini ya wuce, su rufe kada ya koma baya. A ƙasashenmu, har nan Agiye, Gazawa da Gidan Runji, abin da ya fi ɓata su shi ne ciwon maƙogwaron yara da ba a yi wa magani ba. Amma tsufa ma yana ɓata su. Ƙyauren da jini ke fita ta cikinsa zuwa jiki sai ya ƙandare kamar busasshiyar fata. Tsoho ya dinga haki, zuwa masallaci ma ya gagare shi.

A 1960 likita Albert Starr na Amurka ya sa wa mutum ƙyauren ƙarfe da roba, ya rayu. Sai dai aikin babba ne: a tsaga ƙirji, a yanke tsohon ƙyaure, a ɗinka sabo. Mai rauni ba ya jurewa.

Ran 16 ga Afrilu 2002, a garin Rouen na Faransa, likita Alain Cribier ya bi wata hanya. Majinyacinsa, mai shekara 57, ba ya iya ɗaukar fiɗa. Sai ya naɗe sabon ƙyaure na tantanin zuciyar saniya, ya zura shi cikin siririn tiyo ta jijiyar cinya har zuciya, ya buɗe shi can. Ba a taɓa ƙirji ba.

To, ga inda gizo ke saƙa. A wannan aiki ba a cire tsohon ƙyaure, ture shi ake yi ya jingina da bango. A bangon nan kuwa akwai bakin jijiyoyi biyu masu shayar da zuciyar kanta. Ka tuna rariya? In tsohon ƙyaure ya rufe baki ɗaya, nan take naman zuciya ya rasa jini.

Abin ba ya da yawa, amma ba ya da wasa. A 2013 likitoci suka ƙirga mutum 6,688 da aka yi wa aikin. Ya sami 44, yawancinsu mata. Cikin kowane goma da ya sama, huɗu sun rasu kafin wata ya cika.

Ni abin da ya burge ni, ba su ɓoye lissafin ba, kuma ba su bar aikin ba. Yanzu sai an ɗauki hoton zuciya an auna tsayin bakin jijiyar tukuna. In ya yi ƙasa, kamar bai kai milimita 12 ba, an san da haɗari. A 2018 likitocin Amurka suka bayyana wata dabara: a tsaga tsohon ƙyauren gida biyu da waya mai lantarki, in an ture shi jini ya bi ta tsagar.