Daga Haƙorin Doki Zuwa Littafin Sakamako: Tarihin Hasashen Gwanin Tsere a Ingila

Masu iya magana kan ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. A kan wannan tunani ne Turawan Ingila suka gina wani fanni na ilimi mai zaman kansa, wato nazarin abin da doki ya yi a tsere-tserensa na baya domin a kintaci abin da zai yi gobe. Wannan maƙala za ta bi sawun yadda fannin ya faro, da yadda ya bunƙasa, da kuma inda iyakarsa ta tsaya.

Kafin ƙarni na 18, wanda duk yake son sanin gwanin doki sai ya dogara da idonsa da kuma jita-jitar barga, kamar dai yadda dillalin dawaki a ƙasar Hausa kan buɗe bakin doki ya duba haƙori, ya shafa ƙirji, ya lura da tafiya. Sauyi ya zo ne a shekarar 1727, lokacin da wani mutum mai suna John Cheny ya fara buga littafin shekara-shekara mai ɗauke da sakamakon tsere-tseren da aka yi a ƙasar. A 1773 James Weatherby ya ci gaba da wannan aiki, sa'annan a 1791 gidan Weatherby ya fitar da littafin salsalar dawaki. Cikinsa ne aka tattara nasabar dawakin tsere, waɗanda a yau duk tsatsonsu ta wajen uba yake komawa ga ingarmu uku da aka kawo Ingila daga ƙetare: Byerley Turk, da Darley Arabian, da Godolphin Arabian. Daga nan mai hasashe ya sami madogara biyu, asali da aiki. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma kuma sai an gwada akan san na ƙwarai.

Misalin da ya fi shahara a wancan zamani shi ne na wani ingarma mai suna Eclipse, wanda aka haifa a 1764. A tserensa na farko a Epsom cikin 1769, wani ɗan caca mai suna Dennis O'Kelly, wanda ya ga gudunsa a zagayen farko, ya yi ikirarin zai faɗi matsayin kowane doki a zagaye na biyu. Abin da ya faɗa shi ne Eclipse zai zo na ɗaya, sauran kuwa za a ba su ratar da bisa ƙa'ida ba za a lissafa su ba. Haka kuwa aka yi. Eclipse ya yi tsere 18 bai taɓa shan kaye ba, har ta kai masu dawaki suna gudun karawa da shi.

To, amma da zarar dukiya ta rataya a kan rubutaccen tarihi, sai maha'inta su nemi gurɓata shi. Gasar Derby, wadda aka fara a 1780, ta dawaki 'yan shekara uku ce kawai. A 1844 wani doki da aka shigar da sunan Running Rein ya lashe ta, alhali kuwa ɗan shekara huɗu ne mai suna Maccabeus aka yi wa basaja. Lord George Bentinck ya bi diddigin maganar har ta kai gaban kotu. Da alƙali ya ce a kawo dokin a duba shi, sai aka neme shi aka rasa, don masu shi sun san haƙorinsa zai tona asiri. Aka mayar da nasara ga Orlando, wanda ya zo na biyu. Darasin a fili yake: hasashe ba ya wuce gaskiyar bayanan da aka gina shi a kai.

Mataki na gaba ya zo daga Admiral Henry Rous, wanda a tsakiyar ƙarni na 19 ya tsara ma'aunin nauyin da ya kamata doki ya ɗauka gwargwadon shekarunsa da nisan tsere. A irin tseren da ake daidaita ƙarfi, gwani kan ɗauki ƙarin nauyin darma a ƙarƙashin sirdi, domin na baya ya sami damar kamo shi. Saboda haka bai wadatar a ce doki kaza ya ci tsere ba. Dole a tambaya: wane nauyi ya ɗauka? Wa ya kayar, kuma da wace rata? Ƙasa busasshiya ce ko damshi gare ta? Nisan ya dace da numfashinsa? Wane ne mahayin, wane ne mai horarwa, kuma kwana nawa ya huta?

Wanda ya mayar da waɗannan tambayoyi lissafi shi ne Phil Bull, ɗan mai haƙar kwal wanda ya karanta ilimin lissafi a Jami'ar Leeds. A 1948 ya kafa kamfanin Timeform a garin Halifax, inda ake haɗa lokacin da doki ya ɗauka da sakamakonsa a ba shi maki guda. A wannan ma'auni, Frankel, wanda ya ci tserensa 14 duka tsakanin 2010 da 2012, ya sami maki 147.

Duk da haka, fili bai taɓa miƙa wuya ga takarda ba. A gasar tsallake shinge ta Grand National ta 1956, Devon Loch yana gaba, saura ƙiris ya kai ƙarshe, sai kurum ya baje a ƙasa ba tare da wani shinge a gabansa ba. A ta 1967 kuwa, Foinavon, wanda aka raina har aka sa farashinsa 100 a kan 1, yana can baya lokacin da wani doki da ya yar da mahayinsa ya gitta a shinge na 23 ya hargitsa na gaba. Jinkirin Foinavon ne ya cece shi. Mahayinsa John Buckingham ya sami kafa ya wuce, ya ci gasar. Har yau sunansa shingen yake amsawa. Hasali ma, dokin da jama'a suka fi sa wa rai ba ya cin fiye da kusan tsere ɗaya cikin uku.

A nan ne hatsarin yake. Nazarin sakamako ya amfani makiyaya wajen zaɓen iri, ya kuma taimaka wajen toshe ƙofar maguɗi. Amma tun farkonsa tagwaye ne da caca, kuma masu karɓar kuɗin caca kan tsara farashi ta yadda riba za ta tsaya a wajensu ko wane doki ya ci. Tarihin shekaru kusan ɗari uku ya nuna cewa littafi na iya gaya maka dokin da ya fi gudu jiya. Abin da zai faru a shinge na 23 kuwa, ba a rubuta shi a kowane shafi ba, kuma ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.