Tudun Sabis: Yadda Ƙauye Ya Koyi Farautar Layi

A ƙauyukan Arewa da dama akwai wurin da babu shi a taswira, amma kowane yaro zai iya raka baƙo har can. Wani gari suri ne a bayan gonaki, wani gindin kuka, wani kuwa kusurwar filin firamare. Nan ne waya ke kawo sabis, nan ake zuwa da yamma a ɗaga ta sama ana jiran sanda ɗaya ta leƙo. Al'adar ba ta fi shekara ashirin da 'yan kai ba.

Kafin 2001 tarho na 'yan birni ne, a birnin ma sai masu hannu da shuni. Kamfanin NITEL, wanda aka kafa a 1985, bai iya samar da layuka rabin miliyan ba a ƙasar da jama'arta suka haura miliyan 100. Mutumin ƙauye bai ma sa rai ba. Saƙonsa na hannun direban motar kasuwa, ko malamin da zai rubuta masa wasiƙa da ajami. 'Yan ci-rani a Legas da Fatakwal sukan naɗi murya a kaset su aiko, a taru a tsakar gida a saurara. Mai son gaisuwa ta yi nisa kuwa sai ya aika wa Zaɓi Sonka a Rediyon Kaduna.

A Janairun 2001, zamanin Obasanjo, hukumar NCC ta yi gwanjon lasisin wayar salula, kowanne a kan dala miliyan 285. A watan Agusta MTN da Econet suka fara aiki. Layi kaɗai yakan kai naira 20,000, kira kuma naira 50 a minti, ko da kalma biyu mutum ya faɗa. Sai da Glo ta shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa sannan farashi ya fara sauka. Econet ɗin nan ita ce ta yi ta sauya suna, daga Vmobile zuwa Celtel zuwa Zain, har ta zama Airtel a 2010, shi ya sa har yau wani dattijon zai ce a saya masa katin Zain.

Kamfanonin sun biya kuɗi mai yawa, don haka suka bi inda za su mayar da shi da wuri: manyan birane, sai hedkwatocin ƙananan hukumomi, sai bakin kwalta. Kowane ƙarfen sabis yana buƙatar janareta, da gas da za a riƙa kai masa, da maigadi, tunda wutar NEPA ba abin dogaro ba ce. Ƙauyen da ke da gida ɗari biyu, wanda hanyarsa ke yankewa da damina, bai shiga wannan lissafi ba. Abin da ya samu shi ne ragowar sabis ɗin da ya tsallako daga garin kasuwa.

Ragowar nan kuwa tana da halinta. Sabis yana tafiya ne kusan a miƙe daga kan ƙarfe, kuma yana raunana da nisa. Dutse na tare shi, kwari na haɗiye shi, rufin kwano da katangar ƙasa mai kauri suna rage shi. Shi ya sa waya ke mutuwa a ɗaka ta farfaɗo a kan tudu. Mutanen ƙauye ba su karanta wannan a littafi ba, da ƙafa suka auna shi, har suka san inda MTN ke kamawa da inda sai Airtel.

Daga nan dabaru suka biyo. Ana rataye waya a reshen bishiya ko a saman rumbu, a bar yaro yana gadi, in ta yi ƙara ya sheƙa ya kira mai ita. Ana sa lokaci da ɗan da ke birni: bayan la'asar ranar Juma'a, ko ranar kasuwa. Mai ƙaramin ƙarfi ya yi filashin, na birni ya kira. Matan da ba sa fita sukan ba ƙane ko ɗa saƙo ya kai tudu ya dawo da amsa, wato dai aiken da ake yi wa direba a da, sai dai yanzu tafiyar ta gajarce. Wayoyin Tecno da itel masu layi biyu sun karɓu ne saboda wannan, domin in ɗaya ya ƙi, a gwada ɗayan. Sirri kam babu shi, duk wanda ke tudun ya ji kuɗin da aka ce a turo.

Gwamnati ta yi alkawura. An ƙaddamar da shirin kai tarho karkara da bashin ƙasar Sin, ya shiririce. Dokar sadarwa ta 2003 ta tanadi asusun USPF don tallafa wa kafa ƙarafa inda babu riba, an kuma kafa wasu, sai dai ba su kai yawan buƙata ba.

Rashin tsaro ya mayar da hannun agogo baya. A Satumban 2012 'yan Boko Haram suka ƙona ƙarafan sabis a jihohi da dama, ciki har da Borno da Yobe. A Mayun 2013, da aka sa dokar ta-ɓaci, aka katse layuka a Borno da Yobe da Adamawa. A Satumban 2021 aka kashe sabis a Zamfara baki ɗaya saboda 'yan bindiga, aka bi da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. A lokacin har mutanen Gusau suka koma hawa mota zuwa Funtuwa don kira ɗaya, wasu kuma suka koma rubuta wasiƙa suna ba direbobi. Na bakin iyaka suka nemi layukan Nijar.

Yanzu abin da ake nema a tudun ya wuce gaisuwa. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, manomi ya sayar da buhun masara, an ce an tura masa kuɗi, amma sai ya hau babur zuwa inda sabis yake kafin ya ga shigarsu. Masu POS sun lura da haka, a garuruwa da yawa sukan kafa lemarsu daidai inda waya ta fi kamawa, mai cajin waya da faifan sola ya zauna a gefensu.