Daɓe a Birnin Katsina: Daga Tsakuwa zuwa Siminti

Masu nazarin gine-ginen Katsina sun fi mai da hankali ga abin da ya tashi sama, kamar ganuwa da hasumiyar Gobarau da ginin Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922. Abin da ake takawa kuwa, wato daɓen ɗaki da na tsakar gida, ba a cika waiwayarsa ba, alhali shi ma fasaha ce mai ƙa'idoji, kuma mafi yawanta a hannun mata take.

Tushen daɓe tsakuwa ce. Yawancin ƙasar Katsina, musamman kudu da yamma, wajen Dutsin-Ma, tana bisa tsohon dutse. Zafin rana da ruwan damina sukan ruɓar da dutsen, ya farfashe ya zama tsakuwa mai haɗe da gari. Wannan garin shi ke riƙe ƙwayoyin idan an jiƙa an buga. Inda babu ita sai a haƙo marmara. Yashin rafi ba ya yi, domin ruwa ya wanke garinsa.

Kafin a fara, sai an kintata. Akan auna fili da kamu ko da taki, a ƙiyasta mangala nawa masu jakai za su kawo, sannan a ƙara, saboda bugu yana rage kauri. A lissafin zamani, fili mai murabba'in mita 20, a kaurin santimita 5, yana cin tsakuwa mita 1 tsawo da faɗi da zurfi, ban da ƙarin bugu. Magabata sun san wannan ƙari ba tare da alƙalami ba.

Ranar aiki akan yi gayya. Mata su baza tsakuwa, su yayyafa ruwa, su jeru da madaɓai suna bugu tare, waƙa tana daidaita musu hannu. Daga ƙarshe a zuba ruwan makuba, wanda ake samu daga ɓawon ɗorawa, don daɓen ya yi ƙarfi da duhu. Daɓen ɗakin amarya ya fi kowane tara jama'a.

A zamanin Turawa, En'e ta yi amfani da irin wannan ƙasa wajen shimfiɗa hanyoyin burji. Siminti ne ya kawo canji na sosai. Masana'antar Kalambaina ta Sakkwato ta fara aiki a 1967, sannan kuɗin mai na shekarun 1970 ya kai buhun siminti gidajen talakawa. Aikin ya tashi daga hannun mata ya koma na birkila.

Da aikin ya kau, kalmominsa suka bi shi. Yara da yawa a birni ba su taɓa ganin madaɓi ba, kuma waƙoƙin daɓe sun saura a bakin tsofaffi. Ya kamata ɗaliban harshe su je su naɗi waɗannan waƙoƙi da sunayen kayan aikin tun masu su na raye.